Hajiya, lambobin jikin tayar za ki karanta kafin ki biya

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Kaduna, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya rasu bara, da aka yi rabon gado motarsa Lexus GX 460 ta 2016 ta faɗo a kasonmu ni da yara. Tun da aka kawo ta daga Amurka shekara shida kenan ba a taɓa canza mata taya ba, yanzu ta gaba ɗaya ta kumbura a gefe. Direba ya ce mu sayi Michelin 'yan Beljiyam, wai sun fi sabbin yanzu ƙarko. Baffan yara ya ce a sa manya masu kaushin zane irin na shiga daji. Babban ɗana kuma ya duba a waya ya ce lallai sai wadda aka rubuta all-season, don irinta ce a jiki. Ni ban san komai a taya ba, marigayi ne ke yin komai, ga kuɗi ba kamar da ba. Duk wata ina zuwa Kano gaida mahaifiyata da yara a baya. Na rasa maganar wa zan ɗauka."

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki ikon riƙe su.

Bari mu fara da wadda ta kumbura ɗin nan, don ita ce ta fi tsaya min a rai tun da na karanta saƙonki. Wannan kumburin ba iska ce ta yi yawa ba, zaruruwan da ke cikin gefen tayar ne suka tsinke, galibi a rami aka buga ta ko a gefen kwalbati, sai iska ta samu hanya ta turo robar waje. Ba a facinta, ba a ɗinke ta, duk mai facin da ya ce miki zai gyara ta kar ki yarda. Irinta kan fashe ba sallama, kuma a gaba take inda sitiyari yake. Don Allah a cire ta yau, a sa safaya, a riƙa lallaɓawa a cikin gari kawai. Tafiyar Kano ta wannan watan kuma ki kira Mama ki ba ta haƙuri, ko ku hau wata motar, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Toh sai maganar ɗanki, tunda shi ya ɗauko kalmar all-season. Yaron bai yi ƙarya ba, motocin da ake sayarwa a Amurka kusan duk da irin wannan tayar suke fitowa. Amma ki fahimci don wa aka yi ta. Can suna da rani mai zafi, suna kuma da lokacin da dusar ƙanƙara ke rufe titi, da can mutum sai ya ajiye tayoyi kala biyu yana canzawa in sanyi ya shigo. A 1977 Goodyear suka fito da wata mai suna Tiempo wadda za a bari a mota duk shekara, daga nan sauran kamfanoni suka bi. Wato sasanci aka yi, robar ba ta sandarewa da wuri in an yi sanyi, kuma tana jure zafi daidai gwargwado, shi ne za ki ga an rubuta M+S a gefenta, ma'ana taɓo da dusar ƙanƙara. Mu ina muka ga ƙanƙara a Kaduna? Sanyin hunturun da muke ƙudundunewa a kansa ko kusa bai kai wanda aka yi tayar dominsa ba. Abin da ke cin taya a nan uku ne: zafin kwalta a watan Maris zuwa Mayu lokacin da Kano kan haura digiri 40, ruwan Agusta da ke kwanciya a kan titi, sai ramuka. Saboda haka in kin samu mai kyau an rubuta all-season, ki saya, tana aiki lafiya lau a nan kuma yawancinsu suna da ƙarko da rashin ƙara. In kin samu mai kyau ba a rubuta ba, ita ma ki saya. Kalmar ba ita za ta raba miki gardama ba.

Abin da zai raba gardamar yana jikin motarki tun daga kamfani. Ki buɗe ƙofar direba ki duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai wata 'yar takarda a manne, ki ɗauke ta hoto a wayarki. GX 460 ta wannan shekarar tana zuwa da 265/60R18 109H. Kar tarin lambobin ya tsorata ki, wallahi ba su kai lissafin cefane wuya ba. 265 faɗin tayar ne a milimita. 60 tsayin gefenta ne, kashi 60 cikin ɗari na faɗin. 18 girman rim ne a inci. Waɗannan ukun kowane mai shago zai ba ki daidai, don in ba daidai ba ne ma ba za ta zauna ba ko za ta riƙa gogar jiki. Inda ake cutar mutane shi ne na ƙarshen, 109H, don ba mai kallonsa. 109 ɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 1,030. In kin ga 110, kilo 1,060 kenan, 114 kuma 1,180. Motarki ita kaɗai ba kowa a ciki ta haura tan biyu da kwata, ki ƙara kanki da direba da yara da akwatuna da buhun shinkafar da za a kai wa Mama. Sama da 109 ba laifi, ƙasa da shi ko kyauta aka ba ki kar a ɗaura. H ɗin kuma gudu ne, kilomita 210 a awa, T 190, V 240. Na san za ki ce wa zai yi wannan gudun, gaskiya ne, amma tayar da aka gina ta jure gudu mai yawa ita ce kuma ta fi jure zafi, shi yasa nake so ki tsaya a kan H ko sama da shi.

Akwai kuma wani ƙaramin rubutu a gefen tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka, Treadwear, Traction, Temperature. Na ƙarshen nake so ki duba, shi ne juriyar zafi, ana ba shi A ko B ko C. Mai A ita ce ta fi, B za a iya haƙuri da ita, C ki bar musu kayansu.

Yanzu ga maganar direba, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ni ma an taɓa yi min. Shekarun baya na sayi tayoyi huɗu 'yan Beljiyam a wani shago, masu babban suna, zane cike, an goge su sun yi baƙi wuluk suna sheƙi, har ina jin na yi dace. Ba su yi wata uku ba, muna dawowa daga Kano da rana tsaka, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan na ji motar ta fara rawa daga baya, kafin in gama rage gudu sai ji na yi kamar ana dukan ƙasan motar da bulala. Fatar saman tayar ce ta ɓalle gaba ɗaya ta naɗe, wayoyin ciki a waje sun yi tsatsa. Iyalina na ciki har da jaririya. Allah ya tsare, na samu na gangara gefe ba tare da na taka birki da ƙarfi ba. Da na tsuguna na share ƙura da babban yatsa na karanta lambar da ya kamata in karanta tun a shago, ashe tayar ta haura shekara tara da yi. Kyan ɗan maciji ne kawai. Har yau in na tuna yadda hannuna ke karkarwa a kan jek sai in ji gabana ya faɗi.

Lambar da nake nufi ita ce ta DOT. Ki zagaya gefen tayar za ki ga haruffan DOT, sai wasu haruffa da lambobi, a ƙarshe sai lamba huɗu, yawanci cikin ɗan zagaye mai kamar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3522 na nufin mako na 35 a 2022. Wani lokacin a gefe ɗaya kawai ake bugawa, in ba ki gani ba ki ce a juya miki tayar, ki kunna fitilar waya ki duba da idonki, kar ki bari a karanta miki. Roba tana tsufa ko an hau ta ko ba a hau ba, tana bushewa, abin da ya riƙe ta da wayoyin ciki yana saki, zafi irin namu kuma ƙara masa sauri yake. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC cewa take wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar yi, kuma 'yan Rod Sefti kan duba a hanya. Masu yin tayar kamar Michelin cewa suke in ta kai shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanen bai taɓu ba. Naki tun Amurka suke jiki, ga shekara shida a nan, kinga ko ta wane lissafi aka bi sun gama aikinsu.

Kuma 'yar Beljiyam ba tsufa ne kaɗai aibinta ba. Ba ki san me ta gani a rayuwarta ba, ko an taɓa tafiya da ita ba iska, ko daga motar da ta yi hatsari aka ciro ta. Wasu in sun sude ana sake yanka musu zane da ƙarfe mai zafi su koma kamar sabbi. Da yawansu kuma tayoyin sanyi ne zalla da Turawa suka gama da su, za ki ga Winter ko Snow ko Ice a jiki, ko sunaye irin su Blizzak da X-Ice da Alpin, zanensu cike da ƙananan tsaga-tsaga kamar an yi da reza, in kin danna da farce robar laushi tuɓus. A ƙasarsu tayoyi ne masu kyau, an yi su ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba, ki ɗora su a kwaltar Zariya a watan Afrilu kuwa sai su riƙa cinyewa kamar sabulu, birki ma ba ya kamawa yadda ya kamata. Su ne kuma suka fi jan ido a kasuwa don zurfin zanensu. Ga shi dama tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su ƙasar nan.

Ban ce ki zargi direbanki ba fa. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, direbobi da yawa sun taso ne suna jin cewa tsohuwar Michelin ta fi sabuwar da ba a san sunanta ba, kuma akwai lokacin da maganar ke da ƙamshin gaskiya don an sha shigo da sabbin da ba su da kirki. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Ikeja a 2008, kusan duk tayar motar da ke ƙasar nan daga waje take zuwa, mai kyau da marar kyau a kwantena ɗaya. Har akwai masu cusa taya huɗu ko biyar a cikin ɗaya don rage kuɗin dako da na fito, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu. Sabuwa ce fil amma an lanƙwasa wayar bakinta. Shi yasa ko sabuwa za ki saya ki sa a tsayar da ita a ƙasa ki kalli bakin da ke zama a kan rim, in kin ga ya karkace ko ya yi tattara ko tayar ta ƙi tsayuwa zagaye sosai, a canza miki wata.

Shi kuma baffan yara, na fahimci abin da ya hango, yana ganin ramukan hanya yana so a sa mai ƙarfi. Waɗanda yake nufi su ne A/T, irin BFGoodrich KO2, kuma tayoyi ne na gaske ga wanda ke shiga gona ko ƙauye a kan burji da taɓo kowane mako. Amma ke makarantar yara ce da kasuwa da asibiti da titin Kano. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, waɗannan in an sa su motar za ta riƙa gurnani a kan kwalta, za ta ƙara shan mai ga yadda fetur ya koma, laushin da aka san Lexus da shi zai ragu, kuma sun fi tsada. In aka ƙara girman rim zuwa 20 ko 22 don ado kuwa nan ne ma aka fi yin asara, gefen tayar zai gajarce, rami ɗaya sai ya kumbura ta ko ya lanƙwasa rim ɗin. 18 ɗin da take da shi alheri ne a hanyoyinmu, ki bar ta a haka. Ki yi masa bayani cikin girmamawa, ki ce kin fi so a mayar da irin wadda kamfani ya sa, wadda yayansa ya hau shekara da shekaru bai canza ba. Ba na jin zai ja da wannan.

Wadda ta dace da ke ita ce ta kwalta, ana rubuta H/T ko Highway ko Touring a jiki. In aljihu ya kai, akwai Bridgestone Dueler H/T, Michelin Latitude Tour HP, Continental CrossContact, Yokohama Geolandar H/T, Dunlop Grandtrek. In bai kai ba, kuma na ji kin ce kuɗi ba kamar da ba, ki sauko kan Hankook Dynapro ko Kumho Crugen ko Maxxis ko GT Radial ba tare da jin kunyar kowa ba. Sai dai kowacce ki duba 109H ɗin nan a jikinta, don suna ɗaya kan zo da haruffa daban-daban. Ni a wurina sabbi huɗu masu matsakaicin kuɗi waɗanda ba su wuce shekara ɗaya da yi ba sun fi manyan suna na gwanjo nesa ba kusa ba. Ba wanda zai tsuguna a bakin makaranta ya karanta sunan tayarki, in ma ya karanta ba 'ya'yansa ne a ciki ba.

Na ce huɗu, kuma da dalili. GX 460 ƙafa huɗun duk suna ja a kowane lokaci, ba irin wadda ake sa wa giyar taimako sai an shiga yashi ba ce. In aka haɗa sabuwa da sudaddiya, ko kamfani daban-daban, zagayensu ba zai zo ɗaya ba, sai na'urar tsakiya da ke raba ƙarfi gaba da baya ta riƙa wahala kullum, gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya. In ta kama dole biyu za ki fara saya, to su zama iri ɗaya, a ɗaura su a baya don in baya ya zame a ruwa ya fi wuyar tarowa, a ci gaba da zama a cikin gari, ki cike sauran biyun irinsu sak da an samu hali, ko ɗaukar adashi ce ta zo. Amma gaskiya da tsufan waɗannan, in akwai abin da za a iya jinkirtawa a gida a jinkirta shi a yi huɗun lokaci ɗaya.

Ranar sayen ki je da kanki Hajiya. Na san marigayi ne ke yi, na san shiga layin masu taya ba daɗi ga mace, ana ta kira ana jan mutum, amma ki tafi da ɗanki da baffansa in ya samu lokaci, ku nufi dila mai shago tsayayye wanda zai rubuta rasit. Ki sa a rubuta sunan tayar da lambarta da lambar DOT ta kowacce a jikin rasit ɗin. Ki tsaya a ɗaura a gabanki, waɗanda kika duba su ne za a sa. A yi balansin, a yi alaimen, tunda ramin da ya kumbura taya ba mamaki ya taɓa saitin ƙafar, in ba a gyara ba sabuwar ma gefe ɗaya za ta riƙa ci. Ki ja kunnen mai ɗaurawa cewa akwai sensa a jikin kowane bawul, ita ke kunna fitilar iska a dashbod, in ya sa ƙarfe da garaje zai karya ta.

Sai iska, wadda ita ce ke kashe tayoyi da yawa tun ba su tsufa ba. Masu faci na gefen hanya da yawa in sun ga babbar jif sai su dura mata 45 ko 50, wasu ma da dukan taya da ƙarfe suke aunawa. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, wadda ake bi tana kan takardar ƙofar nan, taki 32 ce gaba da baya. In ta yi yawa tsakiyar tayar ke cinyewa, motar ta riƙa tsalle, in ta yi kaɗan gefen ke lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta fashe, wannan ya fi haɗari. Ki sayi ɗan geji ki ajiye a mota, ki ba ɗanki aikin, duk sati biyu da safe kafin a tada mota ya auna, da kuma duk ranar da za ku kama hanya. In kun yi tafiya kun tsaya kuka ga ta hau 36 kar a sace, zafi ne, za ta sauko da kanta. Da hunturu kuma takan ragu kaɗan da asuba, sai a cike. Duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya su, na gaba su koma baya. A cikin kwarin zanen akwai wasu 'yan tudu, in zane ya sauko ya yi daidai da su saura milimita 1.6 kenan, amma ke da ke bin hanya da damina kar ki jira ya kai nan, ruwa zai riƙa ɗaga motar.

Safayar da na ce a sa yau, a ƙarƙashin motar take daga baya, da ƙarfe ake kwance ta ta sauko, kuma da alama tun 2016 take rataye a wurin tana shan ƙura da zafin salansa. Kafin a ɗaura ta a duba iskarta, a duba ko gefenta ya tsattsage, ki karanta lamba huɗun da ke jikinta, ita ce za ki fara koyo da ita. In an sa sabbin, ki turo min lambobin da kika samu mu duba tare.